Wanaku Ta Shiga Kurmi

Kumbalam, cikin watan Janairu

Zuwa ga ɗana Ignas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Selina da yaran, da wannan zafi naku na Lae mai narkar da mutum. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ce dai ba ta shiri da ruwan bana, sai da sanda nake hawa gonar dankali. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ƙona ƙarfen sabis na kan tudu, wayoyinmu sun koma fitila kawai. Direba Pesone ne zai kawo maka wannan.

Albishirinka. Mutanen Yalipun na ƙetaren kogi sun yarda su karɓi diyya. Ka san tun ranar da mota ta ƙwace wa ɗana Yakapus ta take ɗan'uwansu a bakin gada, bai sake kwana a kwarin nan ba. Yana can wani gari da ba zan rubuta sunansa ba, yana tsinkar kofi a gonar mutane, 'yarsa ta fara tafiya bai gani ba. Dattawa sun tsayar da rana bayan Ista. An riga an kafa turaka a jere a filin taro, kowane turke da aladen da aka yi masa alkawari. Ranar da Yalipun suka kwance aladun suka wuce da su, ranar jini ya wanku, Yakapus ya dawo gida.

Kai ma akwai turkenka, kada ka ce nisa ya cire ka. Babanka ɗan wan babana ne, ko da ya bar mu tun yana saurayi ya je ya haife ka a bakin teku inda ake cin kifi da shinkafa. Ka aiko wa Pesone da abin da za a saya maka alade a nan.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Wanaku ta shiga kurmi. Ita ce babbar macen aladen nan da ka gani ranar da aka kawo gawar babanka gida, wadda ka ce ta fi ka ƙiba. Ni na raine ta tun tana kwana a jakata, kuma ita na sa wa turken farko. Na maƙwabciyata Lyambi ma biyu sun bi ta a satin. Ka tuna a wajen makokin ka ce mini, tunda aikinka ne yawo ƙauyuka kana ɗibar jinin dabbobi don a gano baƙuwar cuta tun ba ta yi ƙarfi ba, in zama idonka a kwarin nan. To ga shi na gaya maka.

Ka gaida Selina. Ka ce mata ta daina sa wa yara takalmi kullum, ƙafarsu za ta lalace.

Goggonka,
Agata

Lae, watan Fabrairu

Goggo Agata,

Barka da war haka. Takardarki ta same mu lafiya, Selina da yara suna gaishe ki. Ƙaramin ya yi tari amma ya warware. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki kuma rage hawan tudu, ko da yake na san magana nake da iska.

Da na karanta labarin diyya sai da na ajiye takardar na share ido. Allah ya nuna mana ranar. Na ba Pesone kuɗin turkena, ki zaɓa mini wanda ba zai ba ni kunya ba a gaban mutanen da suke cewa ni ɗan kifi ne.

Batun Wanaku kuwa, kada ki sa shi a rai. Macen alade idan ta kusa haihuwa takan shiga daji ta yi sheƙa, wata rana sai ki gan ta da jerin 'ya'ya a bayanta. Amma uku a sati ɗaya, wannan shingenku ne ya ruɓe, damina ta ci ginshiƙan. Na haɗo miki da igiya mai ƙarfi da ƙusoshi. Ki sa a gyara, ki kuma riƙa kira da yamma da ƙwaryar dankali a hannu.

Ni dai na gode Allah ɓata kika rubuta ba wani abu ba, don hankalinmu a tashe yake a wurin aiki. Akwai wani zazzaɓin aladu da ya cinye garkuna a ƙasashen da ke ƙetaren teku. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Ba ya kama mutum, amma mutum ke yawo da shi, a tafin ƙafa, a tayar mota, a guntun naman da aka kai wa dangi. Muna ta bin tashoshin jirgin ruwa da kasuwanni muna ɗibar jini, har yanzu ba mu gan shi ba, kuma muna so ranar da zai shigo mu riske shi a gida ɗaya, ba a gari goma ba. Ga alamarsa: alade ya ƙi ci, su taru su kwanta a kan juna kamar masu jin sanyi, kunnuwa da ciki su yi ja har su koma baƙi-baƙi, kashi ya zo da jini. Idan kika ga haka, ko kika ji alade ya mutu ba a san dalili ba, kada ki jira Pesone, ki hau kowace mota ki je inda waya ke kamawa ki kira ni.

Ki gaida Lyambi, ki ce ina fatan nata sun dawo.

Ɗanki,
Ignas

Harabar cocin Kumbalam, ƙarshen Fabrairu

Ɗana Ignas,

Ina gaishe ka da iyali. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya ce babu.

Igiyarka ta iso. Lyambi ta ɗaga ta tana dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Ni kuwa haushinka na ji, na kwana biyu ina zaginka a gona. Sai daga baya na zauna na yi tunani, na ga wa ya taɓa koya maka? Babanka bai taɓa kai ka filin diyya ba.

Ka saurara. A kwarin nan, daga ranar da aka kafa turaka har ranar da aka kwance aladu, bakin kowa ba ya haɗa alade da mutuwa. Wanda ya faɗa, ya kira wata gawar a kan wadda ake biya. Sai a ce ya shiga kurmi. Ko yaron da ke tsotson yatsa ya san wannan, shi ya sa ban yi zaton akwai ɗan jininmu da zai karanta ya aiko da ƙusa ba.

Na tambayi matar katikis, malamin cocinmu, ko a takarda ma haramun ne. Ta ce, "Yaya, ƙasar coci ba ta dangi ba ce. Zo ki zauna a bencinmu ki rubuta, in da alhaki ni na ɗauka." Shi ne na zo.

Wanaku ta mutu, Ignas. Na Lyambi sun mutu. Daga lokacin zuwa yau gidan da bai yi asara ba a unguwarmu kaɗan ne. Duk abin da ka lissafa na gani da idona. Kunnuwanta sun yi jawur, ta kwanta ta sa kai a ƙafata, dankalin da na tauna mata ma ta ƙi. Kuma ka san ba a jefar da nama. Mun gasa ta a rami da duwatsu, na aika wa dangi cinya a ƙauyukan sama, ruwan wankin kuma aka zuba wa sauran aladu kamar kullum. Da na karanta abin da ka ce a kan guntun nama, sai na tuna da cinyar nan.

Yanzu ga roƙona, kuma da gwiwa biyu nake yi duk da ciwonta. Kada ka gaya wa mutanen ofishinku. Na san abin da za su yi, za su tare hanya su ce kada alade ya motsa. Dangi na ta cike turakan da suka zama wofi da aladu daga wasu ƙauyuka, har yanzu za mu iya kaiwa. Yalipun sun jira da ƙyar, samarinsu ba su so sulhun ba tun farko. Idan aka ce musu a ɗaga rana, za su ce wasa muke da jinin ɗan'uwansu, su bazama neman Yakapus, kuma ƙasar nan ba ta da faɗin da za ta ɓoye shi har abada. Ka bari Ista ta wuce. Bayan nan ka zo da alluranka ka ɗebi jinin kowa, har nawa.

Goggonka,
Agata

Lae, tsakiyar Maris

Goggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ba ni da doguwar gaisuwa yau, ki yafe mini.

Takardarki ta daɗe a hanya. Pesone ya ce ƙasa ce ta zaftare ta rufe titi, motoci suka yi ta kwana a layi. Jiya ya miƙo mini ita a tasha, na karanta a tsaye. Kin gaya mini tun Janairu, ni kuma na aika miki da igiya. Wata biyu cutar tana cin kwarinmu, ni ina bakin teku ina leƙa kwantenoni.

Zan faɗa miki gaskiya tun kafin ki ji a bakin wani. Na kai rahoto yau da safe. Na san abin da kika roƙa. Selina ma ta ce, "Kai wane irin mutum ne, ba za ka iya yin shiru na sati kaɗan ba don ran ɗan'uwanka?" Na ce mata don ransa nake yi.

Ki duba da kyau, Goggo. Aladun da ake kawowa daga wasu ƙauyuka ana ɗaure su inda marasa lafiya suka kwanta. Alade yakan ɗauki cutar ya yi kwanaki yana ci yana sha, ba mai ganewa. Idan kuka miƙa su haka, a hannun Yalipun za su zube, cutar ta kuma kashe nasu na gida. Me kike jin za su ce a lokacin? Gara a je musu yanzu da gaskiya, da Fada limamin coci da jami'in gwamnati, a ce ga masifar da ta sauka, a nemi wata hanyar biya ko a ba da lokaci. Za su yi fushi, amma fushin wanda aka faɗa wa gaskiya daban yake da na wanda ya ga an cuce shi.

Kafin mu iso: wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a ci, kada a raba. Kada mai lafiya ya haɗu da mara lafiya. Kada baƙon alade ya shigo. Ki gaya wa dattawa ni na ce, in zagi ne su zage ni.

Ba za mu iso da wuri kamar yadda nake so ba. Sai an sa hannu a kan mota da mai, sai an nemo 'yan sandan rakiya, kuma ba a rufe hanya sai jini ya je ɗakin gwaji ya dawo. Ina ta bin ofis-ofis kamar mai bara. Yakapus ya zauna inda yake, ko me ya ji.

Ɗanki,
Ignas

Kumbalam, Afrilu

Ignas,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Ban yi niyyar sake rubuta maka ba, amma farin ciki ya fi ƙarfin fushina. Yakapus yana gida. Yanzu haka ina jin muryarsa a bayan ɗaki yana saran itace, 'yarsa na riƙe da wandonsa. Ya rame, haƙoransa biyu sun fita, amma shi ne.

Rahotonka ya riga takardarka zuwa. A rediyo aka ji cewa ana zargin baƙuwar cuta a kwarinmu, za a sa shinge a titi. Dattawa suka taru a gidan maza. Na kai musu maganarka, na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa. Tsoho Kambao, wanda shi ke riƙe da maganar sulhun, ya ce ɗan da bai san kurmi ba shi zai koya musu diyya? Ya ce idan aka jira shinge, an jira yaƙi. Nan take suka aika ƙetare cewa an matso da rana, ba sai bayan Ista ba. Yalipun suka ɗauka girmamawa ce.

Ka ga abin da ka jawo. Da ka yi shiru, da an samu sararin zaɓe, a ware masu tari da masu kwanciya. Da ka ɗaga murya, sai aka kwashe duk mai iya tsayuwa da ƙafa huɗu. Ba na ce kai kaɗai ke da laifi ba, amma ka san da wannan.

Filin ya cika. An shafa wa aladun jar ƙasa a fuska da kunnuwa kamar yadda aka saba, sai dai bana an shafa da yawa, kuma kowa ya san dalili, ba wanda ya kalli ɗan'uwansa. Wan mamacin ya bi jerin turaka yana taɓa kowanne da sanda. Da ya zo kan naka, aladen yana kwance, sai da aka ja igiya ya miƙe. Mutumin ya ce rana ce ta dame shi, ya wuce. Da yamma suka kwance suka haye gada da su suna waƙa.

Ina addu'a dare da rana Allah ya sa waɗanda suka tafi lafiyayyu ne. Ai ba duka cutar take kamawa ba, ko? Ka gaya mini ba duka ba ne.

Agata

Shingen mararrabar Kumbalam, Afrilu

Goggo,

Ina gaishe ki a gurguje. Ina nan ƙasa da ku, amma 'yan sanda sun hana mu hawowa. Matar katikis za ta kawo miki wannan da hannunta.

Gwaji ya dawo, cutar ce. Kuma amsar tambayarki ita ce kusan duka take kamawa. Aladu sun fara zubewa a Yalipun, na diyya da nasu na gida.

Akwai abin da ya fi wannan. Jiya abokan aikina suka shiga can ɗibar jini, ni an hana ni saboda an san ni jininku ne. Suka tarar ana cewa kun yi wa aladun sammu, har an fara kiran sunayen mata, da naki a ciki. Shugabar tawagarmu ta tsaya ta yi musu bayani don ta kashe maganar maita. Ta ce cuta ce, ba hannun kowa, kuma ta daɗe tana kashe aladu a Kumbalam tun farkon shekara. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, ba ta san me take taka ba. Aka ce wan mamacin ya ce, "Ashe sun sani."

Ki fitar da Yakapus yau, ba gobe ba. Kada ya bi titi, kada ya bi gada. Ya hau ta bayan tudu ya sauko nan shinge, zan sa shi a motarmu in rufe shi da buhunan magani, in za a kore ni daga aiki a kore ni. Ina nan ba zan motsa ba.

Ignas

Kumbalam, bayan Ista

Ɗana Ignas,

Ina gaishe ka. An ce mini ka daɗe a shingen kana kallon tudu har sai da aka mayar da ku Lae. Na gode. Ka gaida Selina, an ce ta yi kuka.

Takardarka ta same ni a kan lokaci, kada ka ce ta makara. Na karanta wa Yakapus. Na haɗa masa dankali da rigarsa, na riƙe hannunsa na ja shi har bakin shingen gidanmu. Ya tsaya ya ce, "Inna, in na sake gudu ku za a ƙona. Ni na tuƙa motar. Bari in je in gaya musu ban san komai a kan aladun ba, ina can ana yi." Na ce masa ba magana suke nema ba. Ya ce ya gaji da kwana a ɗakin mutane.

Ya sauka gada da katikis, hannunsa babu ko wuƙa. Katikis ya ce ba su bar Yakapus ya buɗe baki ba. Katikis kaɗai suka bari ya dawo ya kira mu mu ɗauki gawar.

Ba a ƙona gidaje ba. Yalipun sun aiko cewa yanzu an yi daidai, ba sa bin mu komai. Samarinmu suna wasa gatari, amma Kambao ya tsufa a sati ɗaya, ba ya ko fita. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ban da ƙarfin damuwa.

Na yi ta neman wanda zan ɗora wa. Na ɗora maka, na ɗora wa Kambao, na ɗora wa matar nan taku mai bayani, na ɗora wa kaina da na tsaya a filin ina kallon jar ƙasa ban ce uffan ba. Kowa na ɗora wa sai in ga ya ɗauki rabonsa, saura kuma na nan. Ba na fushi da kai. Ba na dai son ganinka tukuna, ka ba ni lokaci.

Ga abin aikinka, tunda an cire turaka yanzu kowa na iya faɗa. Masu zuwa makoki daga kwarin Lomban sun ce su ma aladunsu sun fara mutuwa, daga gidan da aka kai wa nama. Ka tura mutanenka can tun da sauran abin tsarewa.

Mun binne Yakapus ranar Talata kusa da babansa. Ka san idan namiji ya mutu ana yanka masa alade, a ciyar da waɗanda suka zo kuka, a sallami dangin uwarsa da cinya. Kawunansa suka bi Kumbalam gida-gida, suka hau ƙauyukan sama, ba su samu alade ko ɗaya mai rai ba. Mutane sun zo da yawa, sun zauna a filin, muka raba musu dankali da ganye. Suka ci, suka tashi suka tafi.

Goggonka,
Agata